Ƙwallon Dabino Tamanin da Bakwai

Tambuwal,
Jihar Sakkwato.
12 ga Nuwamba.

Zuwa ga yayata ta kaina, Yaya Filomina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu, tare da fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da 'yan uwanki masu koyon zama Sista da manyan da ka kula da ku. Allah shi ƙara maku lafiya, shi tsare ki da sanyin Jos ɗin nan da kinka ce yana shiga har ƙashi. Mu nan gida lafiya lau. Baba yana Kebbe wurin aikinai na malamin gona, sai Juma'a shika dawowa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma tuyar ƙosai. Gero ya yi kyau bana, mun gode Allah. Ki yi haƙuri da rubutuna, rabona da riƙe biro tun da nib bar makaranta, yatsana ya saba da waya. Ni har yau ban gane yadda mutum ka yin shekara biyu ba waya ba. Sau nawa nika ɗaukar hoto in ce bari in tura ma Yaya, sannan in tuna an hana ku.

To, maganar da kinka rubuto. Kin ce abu guda kika roƙon Allah, ranar takwas ga Disamba da za ki ɗauki alkawarin zama Sista, Kaka ta taso daga bencin baya ta karɓi Jikin Almasihu, gurasar nan mai tsarki, tare da mu. Kin ce in lallaɓa ta ta je ikirari, ta furta zunubanta gaban Fada, limamin cocinmu, tunda ta ce ba ta karɓa sai ta yi. Gyara zama, Yaya, labarin da tsawo.

Ke kina makarantar kwana sadda abin yaf faru, rabi-rabi kinka ji. Kin san cocinmu ba ɗakin ikirari, kujera ce da labule bayan coci, mutane na layi ƙarƙashin dogon yaro. Kuma kin san kunnen Kaka, tunda ba ta jin kanta sai ta ɗauka kowa ma ba shi ji. Ranar nan tad durƙusa taf faɗa ma Fada, da muryar da taka kiran kaji, cewa ita ce taj jefi akuyar matar Katikis Ɗangiwa, mai koya mamu addini, da taɓarya har ƙafa tak karye, kuma da anka yi cigiya tay yi shiru. Matar Katikis kuwa ita ce ta biyu a layi. Da Kaka taf fito tag ga kowa ya duƙar da kai yana kallon takalminai, nan tag gane. Tun ranar ba ta sake komawa ba. Mu duk mun ɗauka kunya ce kawai. Ashe da saura.

Makon da takardarki taz zo ina share ɗakin Kaka, niz zaro wani gwangwanin madara ƙarƙashin gado, cike da ƙwallon dabino. Har na nufi bola da shi, sai ga Kaka da gudu, wallahi ban san tana iya gudu ba, taf fizge shi tar rungume. Sai da niy yi ta naci sannan taz zauna tab ba ni labari. Tac ce tun tana budurwa a Zuru kowane wata taka zuwa ikirari, haka anka koya masu. Da kunya tah hana ta zuwa watan farko, sai tat tuna ƙawarta Inna Kulu ta makwabta. Kin san Inna Kulu in ciwo ya sa ta sha azumin watan Ramalana, ƙwallon dabino taka ajewa, kowace rana guda, in ta rama ta jefar. Sai Kaka ma taf fara, kowane wata da tat tsallake ta jefa guda cikin gwangwani, da nufin ta rama. Mun zazzage su bisa tabarma mun ƙirga, tamanin da bakwai. Tac ce mani Fada sau guda shika zuwa a wata, in ta je ta rama guda, na watan nan kuma ya hau, to yaushe za ta gama? Tac ce ta daɗe da sanin da gwangwanin ga za a rufe ta. Yaya, na fara dariya, da nid dubi fuskarta sai dariyar tam maƙale. Shekara bakwai tsohuwar ga tana zaune a baya tana kallon muna tashi muna karɓa, ita tana ganin ƙofa ta riga ta rufe mata.

Nan take niɗ ɗauko waya, kin san ni. Nib bincika wurare sun fi biyar, duk magana guda: dokar Ikilisiya ita ce aƙalla sau guda a shekara ga wanda yay yi babban zunubi, zuwa wata-wata kuwa abu ne mai kyau amma ba dole ba. Ban ga inda anka ce a rama ba. Nik karanta mata da ƙarfi cikin kunne. Tad dubi wayar, tad dube ni, tat tambaye ni wa yay yi ma wayar baftisma. Tac ce abin da ka nuna mani 'yan rawa da safe ba shi ne za shi koya mata addini da rana ba.

Sai niy yi wauta, nis sa tambayar a zauren danginmu na waya, ban dai faɗi sunan Kaka ba. Kai, Yaya! Kawu na Kaduna yac ce kowace Asabar, wanda bai yi haka ba Katolikan biki ne. Gwaggo ta Yawuri tac ce sau guda kafin Ista ya isa, in mutum na zuwa kowane mako to a bincike shi, akwai abin da shika aikatawa. Kawu yaj ji haushi yaf fita zauren, sai da Baba yak kira shi. Kwana biyu ana saƙon murya, ba wanda yat tambayi don wa nika tambaya. Nic ce ma Kaka to mu je wurin Katikis Ɗangiwa. Tac ce ta shiga gidan da akuyar nan tay yi ɗingishi har tam mutu? Ko a mafarki.

Kin san wa yaw warware abin? Inna Kulu. Ta shigo aron rariya tat tarar da mu da gwangwani a tsakiya, nib ba ta labari duka. Tak kama haɓa, sannan tay yi ma Kaka tas. Tac ce mata ke Marta, ashe shekara bakwai kina kwaikwayona ba ki gaya mani ba? Tac ce ita ramakonta malaminsu ne yak koya mata, da littafi, ita Kaka wane malami yak koya mata nata? Tac ce addini ba a ɗaukar shi ta kan katanga kamar aron wuta, kowa shi tambayi masu nashi. In malamin naku na zuwa ran Asabar, ki ɗau gwangwaninki ki kai mashi, in kina jin kunya ni in raka ki har bakin ƙofa. Kaka tac ce wa yag gaya mata kunya taka ji. Amma ran Asabar tun da hantsi ta yi wanka ta ɗaura zanen zumuntar matan coci.

Fadan yanzu sabo ne, ba ki san shi ba, wani dogo mai yawan dariya, Hausarshi ta Zariya. Mun iske shi yana cin gyaɗa a inuwa. Kaka tad dire mashi gwangwani a gaba, ni niy yi bayani. Bai yi dariya ba ko kaɗan, na yaba mashi. Yaj juya gwangwanin a hannu ya daɗe, sannan yam matso kusa da kunnenta yac ce mata ikirari ba a rama shi. Yac ce in ta zo sau guda taf faɗi abin da taka tunawa tun daga na ƙarshe, da tuba a zuciya, shi ke nan, ya shafe duka. Yac ce sau guda a shekara shi ne iyakar da uwa Ikilisiya tas sa don kada ɗa shi ɓace, wata-wata kuwa kamar share ɗaki ne, wanda yas saba ya fi jin daɗin zama, amma wanda yay yi wata bakwai bai share ba ba a ce mashi shi yi shara bakwai. Kaka tas sa shi ya maimaita. Tat tambaye shi ko ya tabbata ya gama makarantar Fada, don abin ya yi mata sauƙi da yawa. Nan kam yay yi dariya har gyaɗa tas sarƙe shi.

Sai kuma taɗ ɗago ɗayar matsalar. Tan nuna labule, tan nuna layin mutane, tac ce ita ba ta iya raɗa, kuma abin shekara bakwai ba na akuya guda ba ne. Fada yad dubi hagu yad dubi dama, yat tambayi ko akwai mai gona kusa. Inna Kulu da ke tsaye bakin ƙofa tac ce gonar maigidanta na hanyar Jabo, an gama yankan gero, ba kowa sai kara. Haka munka yi jerin gwano. Fada bisa mashin ɗinai da kujerar roba ɗaure a baya, Kaka bisa ɗan acaɓa ta riƙe gwangwani, ni da Inna Kulu bisa na ukku. Sunka shiga can tsakiyar gona ƙarƙashin gawo, mu munka tsaya bakin hanya. Duk da haka, Yaya, da taf fara sai da iska tak kawo mamu muryarta. Inna Kulu taj ja ni munka ƙara gaba, tac ce in kunna waƙa a wayar nan tawa ta yi amfani yau. Nik kunna har ƙarshe, ita kuma tat toshe kunnuwa da gefen mayafi tana ta salati. Shanun Fulani da ka kiwo cikin karan su kaɗai sunka ji, kuma na ga sun ɗaga kai sun fi sau fuɗu.

Minti arba'in, na duba. Ko hoto guda ban ɗauka ba, ki yaba mani. Da tat taso tana tafe tana share ido da bakin zane, ga faɗa tana yi. Wai addu'ar da Fada yab ba ta ta tuba ta yi kaɗan, ko tuwo ba a gama tuƙawa ta ƙare. Inna Kulu tac ce mata to ki koma ki ce shi ƙara. Tac ce a'a, ba a yi ma Fada gardama.

Ran Lahadi da lokacin karɓa yay yi, ina kallonta ta gefen ido. Ta kama benci za ta tashi, gwiwa taƙ ƙi. Kafin in kai gare ta wani hannu ya riga ni, matar Katikis. Ita tar riƙe ta har gaban bagade, tad dawo da ita. Mama kuka, ni kuka, Baba yana ta gyaran tabarau. Bayan an tashi matar Katikis taj ja ni gefe, ba ta ambaci komi ba, tac ce dai wanda kunnenai yaj ji abin da anka faɗa bayan labule ba shi da izinin buɗe baki a kai har abada, ko da don shi ce ya yafe ne. Tac ce shekara bakwai tana neman hanyar da za ta riƙe hannun tsohuwar ga. Ran Litinin Kaka tas sa niɗ ɗauki 'yar akuyarta ja, mun kai gidan Katikis. Ba wadda tac ce ma wata don mi. Sun sha fura, sun yi hirar tsadar barkono.

Ƙwallayen kuwa Kaka ta watsar da su can cikin gona. Inna Kulu na ta tsokanarta wai in dabino ya tsiro to na maigidanta ne. Gwangwanin dai Kaka ta dawo da shi, tac ce ita wata-wata tas saba kuma haka za ta ci gaba, in wata ya kama ta sa guda don kada ta manta, in Fada ya zo ta jefar. Ni ma na shiga layi ran Asabar ɗin da munka dawo daga gona, don sai da nig gama yi ma kowa wa'azi da waya nit tuna rabona da zuwa tun Istar bara waccan. Kada ki gaya ma Kawu.

Baba da Mama suna gaishe ki da kyau, sun ce mota mun riga mun yi magana da direba, ran shida ga Disamba za mu taso. Inna Kulu na gaishe ki, ta ce ki sa ta a addu'a ita ma tana sa ki, kuma za ta aiko maki da ƙuli-ƙuli. Katikis Ɗangiwa da matatai suna gaisuwa. Ki gaishe mani da Sista Sisiliya da ke kawo maki takardu, da duk 'yan ɗakinku.

In kin ji wani abu mai tauri cikin ambulan kada ki jefar. Ƙwallon dabino ne guda, Kaka tas sa da hannunta. Ta ce na watan Disamba ne, ki aje mata, za ta zo ta karɓa da kanta kafin ranar alkawarinki. Ta ce kuma ki gaya ma Fadanku na can tun yanzu shi nemi fili mai faɗi.

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Dinatu