Kunun Ranar Alhamis

Ƙofar Jatau, birnin Zariya.

Zuwa ga Yayana Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Na fita takaba, 'yarka Umaima ta koma ɗakin mijinta, gida ya rage daga ni sai ɗanka Haidar.

Yaya, akwai abin da ke cin raina. Ka san ciwon hanta ne ya ɗauke Malam Sharfaddeen. Likitansa ya so a riƙa yi masa wani awon jini, na abin da suke kira kiton. Ya ce hanta ce ke yin sa, kuma awon yana taimaka musu su gane ƙarfin da ya rage mata. Amma ya ce kada a zo da azumi, domin yunwa tana rikita sakamakon. Ranar awon kuwa Alhamis ce, ka kuma san Malam ba ya barin azumin Alhamis. Kullum sai in dama kunun gyaɗa in bi shi da fulas har asibiti, sai ya yi murmushi ya ce in ba mabuƙaci.

Mabuƙacin shi ne wani manomi, Ɗanjuma, daga bayan Kufena, mai irin ciwon. Matarsa Tani takan karɓi kununa ta ce ya sha, shi kuwa ya shanye. Aka yi ta yi masa awo, aka gyara masa magani. Jiya suka zo mini ta'aziyya, da ƙafarsa ya shigo zaure, har da 'yar ƙiba. Tani tana ta godiya, wai kununa ne ya tashi mijinta. Na ce madalla, amma wallahi ƙirjina kamar an zuba garwashi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Kishina ɗaya ne: ita ta ce sha, aka sha. Ni na yi ta roƙo har fulas ya huce.

To ga dalilin takardar. An gwada Haidar, an sami ƙwayar cutar a jininsa, an ce ya je awon ranar Alhamis. Shi kuma tun rasuwar ya ɗauki azumin mahaifinsa. Na ce nafila ce, ana iya ajiyewa, sai ya yi mini murmushin nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai kawunsa ne, yana jin maganarka, don Allah ka kira shi kafin Laraba. Ni dai na riga na jiƙa gyaɗa, kuma wannan karon ba wanda zan ba.

Ka gaida Hadiza da Suhail, ka shafa mini kan Hanan. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Rahama