A Ara Mini Ƙararrawa Ranar Asabar

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari, mai babban coci da kasuwar Asabar,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, ni ne Habu na unguwar Dagenham, wanda ya shiga gasar zaɓen mai shelar garinku cikin babbar riga, alƙalanku suka kayar da shi. Damuwata ita ce, tun kafin in hau jirgin ƙasa na gaya wa jama'ar masallacinmu cewa sarautar tawa ce. Sarkin Shela suke kirana yanzu, ni kuma ina amsawa.

Na ɗaya. An ba kowa minti biyu ya yi shelar buɗe kasuwa. Na kaɗa ƙararrawa, na gaishe ka, na tambayi iyali da gajiya da sanyi, na gaida limamin coci, na koma kan dattawa. Ina shirin shiga zancen kasuwa wata tsohuwa ta busa usur. Alƙalai suka rubuta wai ban faɗi komai ba. Gaisuwar ce ba komai ba?

Na biyu. Na share usur ɗin, na yi wa garinku kirari da tarihin da na haddace a hanya: bai kai unguwa ɗaya a Kano ba, amma ana ce masa birni albarkacin coci, da arzikin gashin tumaki aka gina cocin, wani sarki ne ya ba da izinin cin kasuwa tun zamanin kaka da kakanni. Ko guɗa ɗaya ban samu ba. Wani dattijo ma haƙuri ya ba ni, har yau ban san laifin da ya yi mini ba.

Na uku. An ce muryata ta firgita karnuka, ta kori tantabarun hasumiya. To shela fa ake yi! Wanda kuka zaɓa, matarsa da ke gabansa ma sai da ta tambayi abin da ya ce.

Ga roƙona. Abokaina na titin Old Kent Road sun ɗauki shatar bas, Asabar ɗin nan suna tafe naɗina, da mai kalangu da tukwanen shinkafa. Kunya ta hana ni faɗa musu gaskiya. A ara mini ƙararrawar da hular nan ta mai shela, mai kusurwa uku, ko na minti biyar ne. In hakan ba zai yiwu ba, don Allah ka sa a rufe hanyar shiga gari.

Allah ya ja zamaninka, ya cika kasuwarku, ya ba karnukanku juriya.

Wassalam,
Habu, Dagenham.