Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Aikin Dashe Ga Mazan Da Ciwo Ya Raba Da Ƙarfinsu

Zuwa ga Shugaban asibitin da nake karɓar magani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan Allah Ya ƙara muku juriya.

Ni manomi ne daga Kanan-Bakashe a ƙasar Mayahi, ina kuma taɓa kiwo. Na daɗe da ciwon suga, kuma shi ya bi ta jijiyoyina ya raba ni da ƙarfin kusantar iyalina. Na san ba maganar da ake yi a fili ba ce. Shirun da muke yi ne ya kusa rushe min gida, shi ya sa na rubuto.

Na farko. Ran da na daure na kawo kukana, ma'aikacin da ke duba mu ya bar ƙofa a buɗe, ya maimaita abin da na faɗa da ƙarfi, ga mutane jere a kan benci, har da maƙwabcina. Ya rubuta min ƙwayoyi. Na sha yadda ya ce, ba su yi komai ba. Kunya ta hana ni komawa, sai na koma wajen masu tallan magani a kasuwa. Wani garin maganin da na sha ya kwantar da ni a tsakiyar damina, ƙannena suka nome min hatsi.

Na biyu. Duk wannan lokaci mai ɗakina, Rabi, ba ta san komai ba. Ta ɗauka na daina son ta ne. Ta rame, ta rage magana, wata rana ta ce in ta gundure ni in sallame ta cikin mutunci. Ranar na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce: "Malam, da ka faɗa min ciwo ne, ai da tare muka nemi magani."

Na uku, kuma nan ne ƙorafina yake. A bakin wani dillalin shanu, abokina, na fara jin cewa akwai aikin da ake yi, a dasa wa mutum wani abu cikin gabansa idan magunguna sun gaza. Na dawo na tambaya a asibitinku, aka ce min a shekaruna in gode wa Allah in yi haƙuri. Ina gode wa Allah, ranka ya daɗe, amma tambaya na yi.

Sai a wani asibiti a birni na sami lokotoron da ya zaunar da mu ni da Rabi, ya rufe ƙofa. Ya ce dashen iri biyu ne: akwai sanduna masu lanƙwasuwa, akwai mai ɗan famfo da ake matsawa. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba a yi sai an gwada ƙwaya da allura sun ƙi, dole sugana ya daidaita don kada wurin ya kamu da cuta, kuma bayan aikin jiki ba ya komawa yadda yake a da. Har yanzu ba a yi min ba, muna shawara. Amma yanzu mun san abin da muke shawara a kansa.

Ga roƙona. A rufe ƙofa idan mutum ya zo da irin wannan larura. A koya wa ma'aikata bayanin wannan aiki, ko da ba a yin sa a nan, su iya faɗa wa mara lafiya inda zai nufa. A kuma bar mutum ya shigo da matarsa in yana so, domin ciwon ya shafe su su biyu.

Na ɓoye sunana ne saboda 'ya'yana. Rabi kuwa ita ta ce in sa nata.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.
Wani mai jinya daga ƙasar Mayahi.