Bibi da 'Yan Baƙar Hula

Litinin, 5 ga Mayu

Ga ni a tsibiri, ni da rumfata ke tsakiyar kasuwar kifi ta Pasni. Aikin Yaya ne. Wai 'yarta Mahganj ta samu aikin lura da tsuntsayen teku lokacin kwancinsu, kuma budurwa ba ta zama tsakiyar ruwa ba muharrami. Duk dangi ba wanda ya kai ni zaman banza, in ji ta. Na rufe rumfa na zo gadin mai gadin tsuntsu.

Na taho da magena, Bibi. Tun kakanni ba mai ajiye taru a bukkar tsibiri ba mage. Kafin teku ta lafa ɓeraye sun mai da shi zare. Tarun da ke bukkar nan kuwa nawa ne.

Laraba, 7 ga Mayu

Tsuntsayen farare ne, da baƙar hula da rawayan baki. Ko sheƙa ba su iya ba. Macen ta ɗan tona rairayi, ta saki ƙwai ɗaya, ta haye. Sai ihu. Matan layin jatan lande ma albarka.

Mahganj ta ga Bibi. "Kawu, wannan fa?" Na ce ma'aikaciya ce kamar ke, sai dai ita ana ganin aikinta. Ba ta yi dariya ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Fasassun ƙwai ta gefen gabas. Na ce ƙaguwa ce. Mahganj ta ce ƙaguwa mai sawun mage? Na ce ke kika yi jami'a, ke za ki gaya mini.

Yarinyar da ni na saya mata takalmin shiga makaranta.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban yi wa kowa magana ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Shambe mai jirgi ya kawo ruwa da dabino. A gabana Mahganj ta kai masa ƙarata kan Bibi. Shi kuma da bakinsa kamar na kifin da ya kwana: "Yaya Dilmurad, buhu da dutse ai sun gama magana. In kana jin nauyi ni zan yi maka." Na ce fara gwadawa da kanka, buhun kyauta na ba ka. Ya ce to in tsuntsayen suka ƙaurace, wa zai riƙa nuna mana inda kifi ya taru, magenka?

Sai ita kuma ta ce mutanen ofishinsu na zuwa da tarko ranar Talata, kuma magen da suka kama ba ta dawowa. Ko in tura ta gida, ko su.

Ni za a ba wa'adi? Bibi tana nan daram. Da tsuntsun ne zan kama kifi in taru ya tafi?

Asabar, 17 ga Mayu

Sun fara ƙyanƙyasa. Akwai wata mai ɗingishi kusa da bukka. Rana ce ta hana ni motsi, shi ya sa na zauna kallo. Mijin ya kawo ɗan kifi ya tsaya yana jan rai, sak dillali. Ɗan nasu kamar audugar da ta faɗa toka.

Ba wai ya dame ni ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bibi ta kawo ɗan mai ɗingishin ta ajiye a kan takalmina tana jiran yabo, yadda take yi da ɓera. Na turbuɗe shi kafin Mahganj ta dawo. Uwar na zagaya ramin da kifi a baki. Har azahar ba ta haɗiye ba. Wawiya, ci abinki mana.

Na ce wa Mahganj shaho ne. Ta dube ni, ta ce to Kawu, shaho ne. Da zagina ta yi ya fi mini sauƙi.

Litinin, 19 ga Mayu

Shambe ya tafi da Bibi cikin kwando, gidan Yaya. Ba don tarkonsu ba, ba kuma don kowa ba. Zafin nan ne bai karɓe ta ba. Ya buɗe baki zai yi tsiya, na ce in ta jiƙe a hanya kai da rumfata har abada. Tarun na rataye a rufi. Abin da ɓera ya ci, Allah ya isa.

Mai ɗingishin tana tona sabon rami. Mahganj ta ce wani lokaci sukan sake yin ƙwai. Na matsar da tabarmata ta wajen, iska ta fi kaɗawa a can. Wani hankaka ya yi ta shawagi. Dama duwatsun a kusa da hannuna suke.