Na Buɗe Injin Motarka, Yaya

Zuwa ga Yayana Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk inda kake. Mu nan yankin Kilomita Biyar muna lafiya, sai ciwon ƙafar Inna da ka sani. Ban san adireshin da zan rubuta ba, don haka zan ba direbobin hanyar Kamaru takardar nan. Wanda ya gan ka ya ba ka, wanda bai gan ka ba ya miƙa gaba.

Ina sanar da kai na buɗe injin motarka.

Ka tuna a-kori-kurar ta yi zafi ranar da ka dawo da ita daga unguwar Miskine, kafin ka bi babbar mota zuwa iyaka ɗauko kaya. Ka ce in ka dawo za mu duba tare. Bayan tafiyarka sojoji suka sake yin bore, aka rufe hanya. Wani ya ce ya gan ka a bakin iyaka, wani ya ce ba kai ba ne. Ban tabbatar da ko ɗaya ba, shi ya sa ban faɗa wa Inna ba.

Na ci jarrabawar kanikancin, Yaya. Takardar shaida tana cikin akwati, ba wanda zan nuna wa.

Da na zaro sandar gwada mai, na ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga, gasket ɗin da ke raba ruwa da mai ya ƙone. Muddin ruwan yana kwance a silinda, tsatsa tana cin ta. Kuma motar nan kaɗai za ta iya fitar da Inna idan harbi ya iso unguwarmu ta Yakité, don yanzu ko bakin kasuwa ba ta iya takawa.

Amma ta hana. Ta ce kai mai motar ka ce mu biyu za mu buɗe. Kullum da safe tana goge gilashin da bakin zanenta. Na gane abin da take tsoro: in na buɗe ni kaɗai, kamar na ce ba za ka dawo ba ne. Na yi ta yi mata bayanin tsatsa, har ranar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na bi yadda ka koya mini, wanda kuma shi ne a littafinmu na koyon kanikanci. Na cire batir, na zubar da ruwa da mai, na kwance tiyo-tiyo da kafireto. Noti ɗaya na salansa ya ƙi, na jiƙa shi da kananzir har ya saki. Na huda kwali na jera kowace kusa a raminta, don kada ta gaba ta koma baya. Sannan na fara sassauta kusoshin kilas, wato kan injin, daga gefe zuwa tsakiya, kowacce kaɗan-kaɗan, don kada ƙarfen ya lanƙwashe.

Unguwa shiru. Ba ƙugin manyan motoci, ba kiran masu talla, sai ƙarar bindiga can nesa. Na tsinci kaina ina miƙa sifana wajen da kake tsayawa. Na daɗe riƙe da ita kafin na sauke hannu.

Ka san halin injin nan. Rigunan silindarsa, wato bututun ƙarfen da ke cikin kowace silinda, ba a manne suke ba. Idan aka ɗaga kilas sama kai tsaye, sai su biyo shi, robar ƙasansu ta lalace, sai an sauke injin gaba ɗaya, ga shi ba kayan gyara. Kullum kana cewa, ba a fizgarsa, lallaɓa shi ake yi. Na bar kusa ɗaya, na juya shi gefe a kanta har ya rabu da gasket. Daga nan aikin na mutum biyu ne, kowa da gefensa.

Na leƙa waje. Su Baba Yusufa maƙwabcinmu sun rufe gida sun tafi. Abokinka Michel yana Miskine, shingen sojoji ya raba mu. Na zauna a kan taya ina kallon injin, ban iya ci gaba ba, ban iya mayarwa ba.

Sai na ji takun Inna, tana jan ƙafa. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta zagaya ta tsaya a gefenka. Ba ta dube ni ba. Ta sa hannuwanta daidai inda kake sa naka, ashe duk shekarun nan tana kallonmu daga bakin murhu. Abin da ta ce kawai shi ne abin da kake faɗa da yaren Sango: yeke yeke, sannu-sannu.

Muka ɗaga, Yaya. Ba ta saki ba har muka ajiye shi.

Ga abin da na gani. Rigunan ba su motsa ba, na danne su da ƙarfe da noti. Gasket ya ƙone tsakanin silinda ta uku da ta huɗu. Tsatsar ba ta yi zurfi ba, ta fita da tsumma da mai. Na ɗora rula ta ƙarfe a fuskar kilas, ban ga haske a ƙarƙashinta ba, amma zan so idonka ya duba. Saura sabon gasket, kuma shagunan kasuwa a rufe suke.

Inna ta kawo tsohon zanenta ta lulluɓe injin. Ta ce ta kama maka buɗewa, rufewa kuma taka ce. Amma kai ba zan ɓoye maka ba: idan na samu gasket kuma harbi ya matso, zan rufe, in ɗauke ta mu tafi. Zan bar saƙon inda muka nufa a wajen limamin unguwa.

Sai dai ba na son in rufe ni kaɗai. Ba don ban san jerin ɗaure kusoshin ba, na sani, daga tsakiya zuwa gefe. Ina so ne in miƙa sifana in ji an karɓa.

Allah ya tsare ka a hanya, ya buɗe ta, ya dawo mana da kai Inna na da rai. Amin.

Ƙaninka mai jiranka,
Bashir