Kada Ki Bari A Niƙa Dutsen Nan

Zuwa ga Ummulkhairi, sanyin idona, Zamzam ɗina na ranar ƙishi, inuwar da nake nema idan rana ta take tsaka a Makka. Amincin Allah ya lulluɓe ki, amaryata.

Na san kina cikin lalle, na san gwaggonninki sun karɓe jawwal ɗinki, wayar hannunki, sun ce ango ba zai ji muryarki ba sai ranar da aka kawo ki. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na ba ƙanwata Manar ta miƙa miki hannu da hannu. Don girman Allah ki karanta kafin kowa ya taɓa turmin kwalli.

Kin tuna ɗan dutsen nan mai launin toka, mai ƙyalli kamar dalma, na cikin ƙaramin akwatin gilashi? Wanda na nuna miki a gidanku na Utaibiyya, ranar da fanka ta lalace muna ta fifita da kwali? Kika ɗaga shi saitin taga, haske ya faɗa masa, ya faɗa idonki, na rasa wanne zan kalla. Wani tsohon alhaji da na tura a keken guragu ya yi ɗawafi da sa'ayi ne ya ba ni shi, masanin duwatsu ne daga ƙasar sanyi. Ya ce sunansa kurukusait, kuma wuraren da ake samunsa a faɗin duniya ba su da yawa. A cikinsa akwai jan ƙarfe, akwai azurfa, akwai wani wai shi taliyom, duk an ɗaure su da wani sinadari mai suna seleniyom. Subhanallahi! Wa ya yi awon? Wa ya ce wa azurfa ta tsaya nan, kada ta wuce? Abin da Ubangiji ya ƙera a duhun ƙasa tun ba a haifi kakan kakana ba, shi ne ya hayo teku ya sauka a tafin hannun mai tura keke tsakanin Safa da Marwa! Ban taɓa mallakar abin da ya kai shi wuyar samu ba, shi ya sa na sa miki shi a lefe, ƙarƙashin turaruka.

To, jiya Manar ta dawo tana ba ni labari, wai Gwaggo Yalwa ta buɗe gilashin, ta jujjuya dutsen, ta ce kwallin ismidi ne na asali irin wanda ya ɓace a kasuwa, kuma shi za a niƙa miki na ranar biki. Nan take na ɗauki waya. Na kira Gwaggo, na rantse, na yi bayani, ta yi ta dariya, ta ce yaushe namiji ya san kwalli, ita da ta tsufa tana niƙa wa alhazai. Ban ga laifinta ba, wallahi dutsen nan da ismidi kamar an tsaga kara. Amma alhajin nan sai da ya riƙe hannuna ya gargaɗe ni: taliyom dafi ne, yana zubar da gashi, yana kashe jijiya, yana iya taɓa gani. Kallonsa kawai ake yi, ba a niƙawa, ba a lasa. Ranar fanka na so in faɗa miki, kallonki ya mantar da ni.

Idanunki, Ummulkhairi! Idanun da suka tsayar da ni cak a ƙofar Harami har hajiyar da nake turawa ta zungure ni da sanda. Ina zan sa kaina idan kyautata ce ta dushe su? Wa zai dube ni in na dawo ƙafafu a kumbure, har in manta da gajiya? Tsoro nake ji, ba na ɓoye miki.

Ke kaɗai Gwaggo ke jin maganarki, ke ce 'yar lelenta. Ki yi mata shagwaɓar nan taki. In ta ƙi, ki ɗauke dutsen ki mayar cikin gilashinsa, ki wanke hannu, ki ba Manar. In ta yi fushi ni zan je in durƙusa, in kawo mata ismidi na gaske ko daga Madina ne.

In kuwa ba a samu wani kwallin ba kafin Alhamis, ranar kawo ki, ki taho min haka nan, ido fes babu ko ɗigo. Masu surutu su yi ta yi. Ni dai ki shigo kina ganina.

Naki ni kaɗai, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa a kai ni Harami a yi min salla,

Sufyan