Keken Sidi

Litinin, 3 Yuni 2024
Wata biyu ina takaba. Keken Sidi na nan jingine a zaure yadda aka kawo shi ranar da kamyon albasa, babbar motar nan, ya buge mijina. Ko kallonsa ba na yi.

Asabar, 8 Yuni
Salamatou mai fim ta zo. Ita ce ta shekara tana bin Sidi da kamara, wai gurgu mai ƙafa ɗaya da rabi ya yi Tahoua zuwa Barmou bisa keke cikin lokacin da ba wanda ya taɓa yi. Fim ya ƙare, amma ba za ta haska ba sai da yardata. Na ce a'a. Su tafa ma abin da ya kashe mini miji? Ta ce, "Yaya Rukaiya, ko ke kaɗai ki gani." Ta tura mini a waya ta tafi.

Alhamis, 20 Yuni
Sallar layya ta wuce. Ban ci naman kowa ba.

Talata, 2 Yuli
Yau ina tankaɗe na nemi muryarsa a kaina, babu. Fuska na nan, tarin safe na nan, amma yadda yake kiran sunana ya ɓace. Na ji tsoro ƙwarai. Wata uku kacal, Rukaiya, haka kike?

Juma'a, 12 Yuli
Na buɗe fim ɗin a wayar. Ga Sidi a hawan dutse, gumi sharkaf, ƙafar nan tana karkacewa. A hannun keken kuwa ɗankwalina shuɗi ne ɗaure, wanda na juye ɗaki ina nema har na zargi ƙanwata Habi. Salamatou ta tambaye shi na mene ne. Ya yi dariya: "Na Rukaiya ne, sato shi na yi. Ba ta son keken nan, to ga ta bisa kullum."
Ɓarawon banza. Na maimaita wurin har caji ya ƙare. Tuwo ya ƙone.

Lahadi, 14 Yuli
Ruwan sama ya shigo zaure, na jawo keken ciki. Ɗankwalin na nan, ya koɗe, da jini busasshe a gefe. Ban kwance ba. Na ɗiga man gyaɗa a sarƙar, don tsatsa kawai.
Salamatou ta kira. Ban ce e ba. Na dai ce ta jira in fita takaba, kuma kujerar gaba nake so.